Na Shaƙa, Ban Sha Ba

Ruwa muka tarar ana yi a Dablin ranar da muka sauka, ruwa kuma muka bari ana yi ranar da muka taso, bayan wata tara. Mu biyu gwamnatin Jihar Sakkwato ta tura ƙasar Ayalan a wancan lokaci, mu koyo yadda ake busar da hatsi da adana shi. Ni Haliru, malamin gona ne a Argungu, shekarata shida ina bin fadama ina duba shinkafar mutane, amma gidanmu yana Birnin Kebbi, inda mahaifina yake karantar da manya littattafan fiƙihu a zaurensa. Abokin tafiyata zan kira shi Sani a nan, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ofishinmu ɗaya da shi.

Tun muna gida aka rubuto mana adireshin wani gida a Dablin, aka ce ɗaki yana jiranmu. Da muka ƙwanƙwasa, maigidan ya leƙo ya dube mu tun daga hula har takalmi, ya ce ai ɗakin an ba wani tun jiya. Takardar da ke cewa akwai ɗakin haya tana nan manne a tagarsa, muna ganinta, shi ma yana ganinta. Sani ya ja hannun rigata mu tafi. Na ƙi motsawa. Na ce wa mutumin tun da ɗaki ya shiga hannu, to ya cire takardar don kada wani baƙo ya sake wahala. Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa, ruwa yana dukan akwatunanmu. Sai da ya ɓanɓare ta da hannunsa sannan na ɗauki kayana.

A tashar jirgin ƙasa wani mai fara'a ya tare mu, ya ce ya san wurin da ake son baƙi. Ya kai mu wani ɗaki a saman bene, ya dafa wani bututun ƙarfe da ke jikin bango ya ce nan ɗumi yake fitowa, ya karɓi nasa ya ɓace. Bututun nan ya daɗe da mutuwa. Kwana uku muka yi muna barci da takalma da kwat.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai mu wani ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar, inda makarantar da za mu yi karatun take. Aka sauke mu a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, Misis Brady. Ba ta taɓa ganin Musulmi ba, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Ta zaunar da mu ta tambaye mu abin da ba mu ci, tana rubutawa a bayan ambulan. Washegari ta dawo daga kasuwa da sabuwar tukunya da sabon kasko, ta ɗaura musu jan zare a mariƙi don kada su haɗu da na naman alade. In ta ji na kabbara sallah, sai ta rage rediyonta. Ban taɓa roƙonta hakan ba.

Amma kirkin mutum ɗaya ba ya maganin kewa. Dankali da safe, dankali da rana, dankali da yamma. Sai in zauna a gaban faranti ina tuna tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, abincin ya huce ban taɓa ba. Wasiƙar matata Kulu takan yi mako uku a hanya. In ta rubuta cewa ruwa ya ja a fadama an fara yankan shinkafa, kafin in karanta an riga an sussuke an kai rumbu.

Mu goma sha biyu ne a aji, daga ƙasashe daban-daban. Babban malaminmu shi ne Dokta Hanlon. Ya san aikinsa, ba zan ci amanarsa ba, amma yana son a yi dariya, kuma ya fi son a yi ta a kan wani. Tun da ya ji ba na shan giya ya raɗa mini suna Waliyyi.

Hatsin da suka fi koyarwa da shi sha'ir ne. Ni sunansa kawai na sani, a babin zakka cikin littattafan mahaifina, ban taɓa riƙe shi a hannu ba sai a can. Ranar da aka nuna mana yadda suke jiƙa shi, su shimfiɗa shi a daɓe har ya yi tsiro, sannan su busar da shi don zaƙinsa ya fito, dariya ta kama ni. Na ce wa Dokta kakata haka take yi wa shinkafa in za ta dama kunun zaƙi, kuma ni take sawa in shinshina mata in ji ko tsiron ya kai. Na ƙara da cewa ko a wurin aiki, in na cusa hanci a buhu nakan san ko danshi ya shige shi. Ya ce wannan dabara ce ta waɗanda ba su da na'ura. Aji ya yi dariya. Na bar shi a cikina.

Wata rana mun wuni a gona cikin sanyi, yatsunmu sun daskare, sai Dokta ya ce zai sai wa kowa kofi a wani gidan abinci. Aka kawo mana shi a tambulan, baƙi wuluk, da farin kirim a samansa. Na ɗaga zan kai baki, sai na ji wani abu a ƙarƙashin ƙamshin kofin, mai zaƙi-zaƙi, mai yaji a hanci. Na ajiye. Na duba fuskokinsu, kowa yana danne dariya. Na tambayi abin da aka zuba a ciki. Dokta ya ce 'yar giyar wuski ce kawai, maganin sanyi, ko limamansu suna sha.

Na juya don in tsai da Sani, na tarar ya riga ya shanye rabi.

Na miƙe tsaye na ce wa Dokta, a ƙasarmu wanda ya zuba wa baƙo abu a abinci bai gaya masa ba yana da suna, kuma sunan ba mai kyau ba ne. Dariyar ta mutu. Na fita na sami Sani a bayan gidan yana tura yatsa a maƙogwaro yana hawaye. Na ce masa wanda aka yaudara ba shi da laifi, ya wanke bakinsa ya manta. Ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari ba mai jin wannan a gida. Na yi masa.

Zangon ƙarshe na karatun shi ne mako uku a wata tsohuwar masana'antar wuski, can arewacin ƙasar kusa da teku. Na yi ta juya abin a raina kafin in hau mota. Ɗakunan busar da hatsinsu su ne waɗanda aka ce babu kamarsu, kuma abin da aka aiko ni in koya ke nan. Na yanke cewa zan je, in tsaya a ɓangaren sha'ir. Na san akwai malaman da za su ce ko ƙofar kada in taka, kuma ban ce sun yi kuskure ba. Amma na je.

A can na haɗu da Shemus, tsoho mai kula da rumbun gangunan da ake ajiye wuskin a ciki, wanda ya shekara arba'in a wurin. Ranar farko ya ɗebo daga wata ganga ya miƙo mini. Na ce ba na sha, na kuma shirya jin ba'a. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma in yana bakin aiki ba ya haɗiyewa. Ya ce aikin na hanci ne, wanda ya ce zai riƙa kurɓa, kafin ya kai ganga ta goma ba zai bambance matarsa da gangar ba. Ya ce in ina so in shinshina, in ba na so in bar masa abinsa.

Na karɓa. Ban san dalili ba, wataƙila don shi ne mutum na farko da bai matsa mini ba.

Ya bayyana mini cewa wannan ita ce sarauniyar abin da suke yi: tsiron sha'ir zalla, ba a gauraya shi da wani hatsi ba, daga gida ɗaya, an tace ta sau uku a manyan tukwanen tagulla, sannan ta kwanta a gangar katako shekara goma ko fiye. Da na kai hanci sai na ji zafi kawai, irin na maganin wanke ciwo a asibiti, har idona ya kawo ruwa. Ya yi murmushi ya ce na afka mata kamar ɗan sanda. Ya ce in ja baya kaɗan, in ɗan buɗe baki, in bar ta ta zo da kanta. Ya ɗiga mata ruwa kaɗan da cokali.

Sai abin ya buɗe. Zuma na fara ji. Bayanta wani ɗan itace nunanne, Shemus ya ce tuffa, na ce a'a, ɗinya ce, irin wadda ta faɗo da kanta ta kwana a ƙasa. Can ƙasa kuma akwai ƙanzon tuwo, da katako da rana ta gasa. Ya sa na rubuta masa ɗinya a ɗan littafinsa, ya yi ta maimaitawa yana karya kalmar. Wata rana ya kawo mini wata ta tsallaken teku don in gwada, ina kai hanci na ce wannan ai bandar kifi ce ta bakin gulbin Argungu. Ya yi dariya har yana tari, ya ce su maƙwabtansu da hayaƙi suke busar da sha'ir, su kuwa a rufaffen ɗaki suke busar da nasu, shi ya sa tasu ba ta ɗaukar hayaƙi. Kullum in na gama aikina a wurin hatsi sai ya kira ni, ya jera mini uku ko huɗu. Ya koya mini in gane sabuwa da tsohuwa, da wadda ta kwanta a gangar da aka taɓa zuba ruwan inabi. Nakan wanke hannuna da sabulu kafin in yi alwala, in tsaya sallah a bayan buhunan sha'ir, in roƙi Allah in na ƙetare iyaka ya yafe mini. Ko sau ɗaya leɓena bai taɓa tambulan ba.

Ranar jarrabawa aka jera wa kowa tambulan shida a kan dogon tebur. Dokta ya ce kowa ya ɗanɗana ya rubuta wadda ta fi tsufa, da wadda ta fi ƙuruciya, da mai hayaƙi, da wadda ke da aibin danshi, domin a cewarsa kuskuren da aka yi wa hatsi yana bin sa har cikin kwalba. Manajan wurin yana tsaye, Shemus ma yana jingine da ƙofa. Na ɗaga hannu na ce ni da hanci zan yi. Dokta ya ce takarda ta ce a ɗanɗana, wanda bai ɗanɗana ba ba shi da maki, kuma wanda ba shi da makin wannan ba shi da satifiket. Ya ce in tuna gwamnatina ta aiko ni daga nesa, in yi tunanin abin da zan gaya musu in na koma hannu wofi.

Na yi tunanin. Na hango ofishinmu, na hango Kulu da ta yi wata tara tana jira. Amma bakina ya riga ni.

"Dokta," na ce, "takardarka ta tsaya a kan teburinka. Ba ni shidan. In na kuskure ɗaya, ka kayar da ni."

Shemus ya ce daga bakin ƙofa shi kam yana son ya ga wannan. Manajan ya gyaɗa kai. Dokta ya ce to, ni na yanke wa kaina.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya yadda tsohon ya koya mini, ina ɗiga ruwa, ina ja da baya, ina shaƙar hannun rigata a tsakani don hancina ya huta. Ta uku ce tsohuwa. Ta ɗaya ce ƙarama, tana da zafin kai. Ta shida mai hayaƙi. Ta biyu tana da danshi ƙarara, irin na rumbun da ya yi yoyo. Amma a ta huɗu ma na ji shi, can nesa, kamar tabarmar da aka naɗe ba ta gama bushewa ba. Na sake komawa sau biyu. Na rubuta biyu da huɗu.

Dokta ya duba takardarsa, ya ɗago yana murmushi. Ya ce mai aibi ɗaya ce, ta biyu, ta huɗu lafiyarta ƙalau, don haka Waliyyi ya faɗi da bakinsa. Na ce ban canza ba. Shemus ya tako a hankali ya ɗauki ta huɗun, ya kai hanci. Ya miƙa wa manajan. Sannan Shemus ya tambaya daga wace ganga aka ɗebo ta, ya fita. Muka zauna jiransa. Da ya dawo ya ce gangar ce, katakonta ya yi funfuna ta ciki, kuma da ba a gano ba da an juye ta cikin sauran. Ya ce takardar Dokta ce ta yi kuskure.

Dokta ya sa mini hannu a takarda bai dube ni ba. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Akwai wani ɗan jaridar garin da ya zo ɗaukar hoton ɗalibai baƙi, ya ce in riƙe tambulan a hanci ya ɗauke ni. Kaina ya kumbura a ranar, na tsaya masa har da gyara hula. Wannan kuskurena ne, ba na ɗora wa kowa.

Hoton ya riga ni isa gida. Sani ne ya yanke shi daga jarida ya aika wa wani ɗan'uwansa, daga baya na sami labari. Ina jin tsoro ne ya sa shi, ya ga gara a shagala da ni kafin a tambaye shi. Da muka haɗu a ofis ya sunkuyar da kai, na gaishe shi na wuce. A Argungu masu gaishe ni suka rage tsawon gaisuwa. Kulu ta ce a wani gidan suna mata sun yi ta tambayarta ko maigida ya zo mata da tsarabar kwalba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na ji wasu ɗaliban mahaifina sun daina zuwa karatu.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Birnin Kebbi. Bayan azahar mahaifina ya kira ni zaure. Ƙanensa, Baffa Bawa, yana zaune gefe da takardar jaridar a hannu, duk ta yi laushi saboda yawan hannuwan da ta bi.

"Wanga ba kai na ba?" in ji Baffa.

"Ni na, Baffa."

"Mi ag ga hannunka?"

"Giya ta."

Mahaifina bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko na sha. Na ce ban sha ba, ko ɗigo. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa, ya ce babu bukata. Na ba su labarin jarrabawar tun daga farko. Baffa ya tambaya ko abokin tafiyata fa, na ce labarin Sani sai a bakin Sani.

Sai Baffa ya ce shi ya yarda, amma gari bai yarda ba, kuma ga hanya mai sauƙi. In an taru karatun la'asar in tashi in ce tilas Turawa suka yi mini, suka ɗora mini abin a hanci, ɗoyinta ya kusa kashe ni. Ya ce in na faɗi haka kowa zai tausaya mini, magana ta mutu.

Na ce, "Baffa, Allah shi ba ku haƙuri. Ba wanda yay yi min tilas, da hannuna niɗ ɗauka. Kuma ba ɗoyi gare ta ba. Ƙamshi gare ta, irin na zuma da ɗinya. Na ji shi sarai, kuma na aje ta."

Baffa ya yi salati ya dubi yayansa, ya ce a ji abin da boko ya mai da ɗan gidan nan, yana yabon giya a zauren karatu. Na ce ban yabe ta ba, haram ce jiya haram ce yau, amma ba zan ce wa mutane abin da hancina bai ji ba. Na ce da wari take yi, ai da barinta bai zama abin faɗi ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Shekara biyu ya yi ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Muka rage ni da mahaifina. Ya daɗe yana kallon takardar da Baffa ya bari a kan buzu. Sannan ya ce shigata wurin nan kuskure ne, tsayawata a yi mini hoto kuma wauta ce, in nemi gafarar Allah a kan duka biyun. Na ce na karɓa. Ya ninke takardar ya tura ta ƙarƙashin buzunsa, sai ga kiran la'asar.

Da muka dawo daga masallaci ɗalibai suka fara shigowa, dattawa da magidanta, kowa ya gan ni sai ya kau da kai. Na yunƙura zan shige cikin gida. Mahaifina ya ce in dawo. Ya nuna mini wurin da ke damansa, inda mai jan baƙi yake zama, wato wanda ke karanta Larabcin shi kuma yana fassarawa. Ya ɗauko littafin da hannunsa ya ɗora mini a cinya.

"Haliru ka ja muna baƙi yau," in ji shi.

Mutum biyu suka tashi suka sa takalmansu. Bai dube su ba. Na buɗe inda aka tsaya, na yi bisimilla, na fara karantawa da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji.